Sai Makon Hutun Masaƙa

"Wannan matakalar ta fi ƙarfinka yanzu," na ce da Wilf, yatsana a kan hoton masaukin. "In buga wa matar mai masaukin waya ta ba ka ɗakin ƙasa?"

"Shekara da shekaru a sama nake kwana, yau ke za ki sauko da ni?"

"Ba ni ba ce, huhunka ne."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Na jira ya gama, na tura masa kofin shayinsa.

Wilf maƙwabcina ne a layinmu na garin Oldham. Bango ɗaya ya raba mu, irin bangon da in ya yi atishawa ni ke ce masa sannu. Tun yana saurayi yake aiki a masaƙa har ranar da aka rufe ta, ƙurar auduga kuwa ta biyo shi gida ta tare a ƙirjinsa. A watan Afrilu likita ya faɗa musu gaskiya, shi da 'yarsa Gillian. Sai da suka iso gida sannan ya ce abu ɗaya yake so: ya je Morecambe ya tsoma ƙafarsa a teku. Gillian can kudu take aiki, ni ce mai mota da lokaci, sai tafiyar ta hau kaina.

Mun tsara komai a teburin kicin ɗinsa. Kwana biyu za mu yi. Zan tura shi a keken marasa lafiya mu bi titin bakin teku, mu ci jatan lande da man shanu, da yamma mu ga rana tana faɗuwa bayan duwatsun ƙetare. Idan ruwa ya cika ya matso kusa, sai mu gangara.

"To Asabar ɗin nan mu kama hanya," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "A watan Mayu? Doreen, ba a zuwa teku sai makon hutun masaƙa."

A da, makon ƙarshe na Yuni ake kashe injuna, gari duka ya kwashe a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, har karnuka su rasa wanda za su yi wa haushi. Ni ma da ƙuruciya na shiga wannan jirgin ƙasa. Amma inda masaƙarsu take yanzu motoci ake ajiyewa.

"Masaƙar da ta mutu tun ina goyon fari? Wa zai tuhume ka in ka tafi da wuri?"

"Mutum ba ya tafiya hutu abokan aikinsa suna bakin inji."

"Waɗanne abokan? Duk suna maƙabarta."

Na faɗa kafin in auna, na kuma ji kunya. Shi ko a jikinsa.

"Ai shi ya sa," ya ce. "In ban tsare musu makon ba, wa zai tsare?"

Raina ya ɓaci sosai. Ban taɓa ganin mai kunnen ƙashi irin tsohon nan ba. Na rantse ba zan ƙara kai masa miya ba, washegari na kai. Gillian ta zo ƙarshen mako ta durƙusa gaban kujerarsa.

"Baba, don Allah ka bi Doreen yanzu da sauran ƙarfinka."

"Kar ki tayar wa kowa hankali saboda ni. Teku ba gudu zai yi ba."

Da Yuni ya kama, an sauko masa da gado falo, an kawo tukunyar iskar numfashi an jingina ta kusa da talabijin. Wata nas mai suna Bernadette tana zuwa kullum da safe. Duk da haka ya sa aka ɗauko masa akwati daga saman durowa, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana ina goge masa tabarau ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ki ce wa matar can ɗakin ƙasan ma ya isa."

Nan ne tsoro ya kama ni, don Wilf bai taɓa ba ni gaskiya a musu ba.

"Mu tafi gobe," na ce. "Mai na cikin mota. Ba wanda zai sani, ni da kai ne kawai."

"Ni zan sani. Saura mako guda, yarinya. Ki yi haƙuri da ni."

Ni da jikokina ke aure yake ce wa yarinya. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Ranar Laraba da hantsi, Asabar za mu tafi, ina ƙofar gida ina gwada ko keken zai shiga bayan mota, sai Bernadette ta fito. Ba ta kira sunana ba, tsayawa kawai ta yi a bakin ƙofa hannunta a naɗe. Na ajiye keken a hankali.

Yana kwance kamar mai barcin rana. An kashe tukunyar, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar motocin layi. Na zauna na kama hannunsa, da sauran ɗumi. Na so in yi masa faɗa, na rasa ta inda zan fara.

A jikin kujera na ga wandonsa mai ruwan toka a rataye, an goge shi tsaf, ƙafafun a naɗe har gwiwa, kowace an soke ta da fil.

"Wannan fa?" na tambayi Bernadette.

"Ɗazu ya sa ni," ta ce. "Wai yatsunsa ba sa iya naɗewa yanzu, kuma ba ya so ya sa ki sunkuyawa a gaban mutane in zai shiga ruwa."

Ta tafi buga wa Gillian waya. Ni kuwa na zauna ina kallon wandon. Ƙafar hagu ta ɗan fi ta dama tsawo, sai na tashi na cire fil ɗin na daidaita su.