Kunnen Giwar Baba Direba

"Ƙarya ne! Wace duniyar ce take juyawa?" in ji Baba Direba, ya doka sandarsa a ƙasa. "Na tsufa a kan sitiyarin tirela. Da tana juyawa ai ni zan fara ji a hannuna."

"Malamarmu ce ta ce," in ji Auta. "Har lemo da tocila ta kawo aji ta nuna mana."

"To lemon ne yake juyawa, 'yar nan, ba duniya ba."

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa ya ja tsaki. Kullum ta Allah haka ake. Auta 'yarsa ce, tana aji uku. Da an tashi daga makaranta ko takalmi ba ta cirewa, sai ta haye bencin ƙofar shagonsa ta zazzage wa tsohon nan duk abin da aka koya musu, shi kuwa ya bi ɗaya bayan ɗaya yana ƙaryatawa. Ga shi gidan haya ɗaya suke, bango ne kawai tsakaninsu, tarin tsohon ma a kunnen Mai Walda yake sauka.

"Baba, don girman Allah ka bar yarinya ta yi karatunta. Ni ban yi ba, kai ba ka yi ba, kada mu taru mu ɓata nata."

"Kai dai ci gaba da ƙona idonka. Auta, sai me kuma?"

"Mako mai zuwa za a kai mu gidan zu, mu ga namun daji. Amma Babana ya ce ba zan je ba."

Haka ne, Mai Walda ya faɗi hakan, kuma bai ga dalilin sakewa ba. Ina amfanin zuwa kallon biri, ga birai nan cike da layinsu kyauta? Ban da haka ya san bas ɗin makarantar ciki da waje. Shi yake liƙe mata salansa, bututun hayaƙin nan, duk sanda ta zube a hanya. Motar da addu'a ce kawai take riƙe da ita ba zai saka 'yarsa ciki ba.

Tsohon ya gyara zama. "Akwai giwa a wurin?"

Mai Walda ya dafe kai. An zo wurin. Babu wanda bai haddace labarin nan ba a layin, har mai shayi yana iya ƙarasa shi: wata rana a tsakiyar daji giwa ta tare wa Baba Direba hanya, ya kashe mota suka yi ta kallon juna, kunnenta ɗaya ya kai ƙofar ɗakinsa girma.

"Baba, ƙofar nan da hannuna na haɗa ta. Na san tsayinta. Babu kunnen da ya kai ta."

"To ba ta tef ɗinka ta je ta auno mana."

"Giwar za ta tsaya mata ne kamar ta je wurin tela?"

"Tsoro kake ji a gane na fi ka gaskiya."

Daga ranar tsohon bai sake barin Mai Walda ya sha ruwa da daɗi ba. Da safe giwa, da rana giwa. Sai kuma wata safiya benci ya wayi gari babu kowa. Ƙirji ya riƙe tsohon. Mai Walda ya rufe shago ya goya shi a babur zuwa asibiti, tsohon yana bayansa yana koya masa tuƙi har suka isa. Aka rubuta magani. Mai Walda ya kira ɗan da tsohon ya haifa, wanda ke aiki a wani gari, waya ta yi ta ringin har ta gaji. Matar Mai Walda ta riƙa kai abinci, tana dawowa da shi kusan yadda ta kai. Da ta je shara kuma ta tsinci ƙwayoyin maganin a ƙarƙashin katifa.

Mai Walda ya faɗa ɗakin ransa a ɓace. "Wai kai yaro ne? Mutuwa kake so ka yi mini a nan?"

Tsohon ya rame, murya ta shige, amma bakin yana nan. "Ka bar Auta ta je, in sha."

"Ina ruwan giwa da maganinka?"

"Ka bar ta ta je."

"Na bari! Ta je, ta kwana a can ma in ta so. Buɗe baki."

Ranar tafiya Auta ta riga kowa tashi. Ta saka kayan makaranta, ta ɗauki gorar ruwa, tef ɗin ubanta yana cikin aljihu yana jan rigar gefe guda. Mai Walda ya ɗauki kofin shayi ya tura ƙofar tsohon. Rediyo tana ta magana ƙasa-ƙasa a kan taga. Ya yi sallama, ya sake yi. Ya ajiye kofin ya taɓa ƙafarsa, ya ji ta yi sanyi. Ya daɗe a tsugune kafin ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Kafin a ce me, tsakar gida ta cika. Matarsa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Auta, je ki cire kayan nan."

"Haka ne," in ji matar ɗakin ƙarshe. "Gawa a gida, yarinya a yawon kallo? Me mutane za su ce?"

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta kuma motsa ba. Hannunta yana cikin aljihu.

Mai Walda ya dube ta, ya dubi ƙofar. "Mutumin nan da ransa ya hana ni sakat a kan tafiyar nan. Na ce masa na bari. Ke, hau babur."

"Baban Auta!" in ji matarsa.

"Mutane su ce abin da za su ce. Yanzu zan dawo."

Sun tarar da bas ɗin ta riga ta tashi tana ƙara kamar injin niƙa, yara sun leƙo ta tagogi suna waƙa. Ya sha gabanta ya tsayar. Ya ɗaga Auta ya miƙa wa malamar, sannan ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar, ya girgiza salansar da hannu. Ya ce da direban, "Ka bi a hankali. In ta faɗi, ni da kai ne."

Kafin rana ta take an kai tsohon makwancinsa. Sai da aka gama komai ɗan nasa ya iso da mota mai sheƙi, yana kuka ya fi kowa ƙara. Mai Walda ya ba shi hannu, ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya koma ƙofar shago ya zauna. Bai kunna inji ba.

Da yamma Auta ta dawo, takalmi duk ƙura. Ta miƙa masa tef ɗin.

"Akwai shinge, Malama ta hana ni matsawa. Amma na kalla sosai. Baba, ba ni alli."

Ya ciro allin da yake zana ƙarfe da shi daga bayan kunne ya ba ta, ya bi ta cikin gida. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tsohon, ta yi ɗage, ta ja layi sama da rabin ƙofar kaɗan.

"Nan ya tsaya. Bai kai ba." Ta juyo ta dube shi. "Kai ka fi shi gaskiya."

Tun ranar da aka fara gardamar nan Mai Walda yake ajiye da "ban gaya maka ba?" a bakinsa, yana jiran wannan lokacin. Ya dubi layin, ya dubi kwaɗon da aka saka a ƙofar.

"Ke me kika sani?" ya ce da faɗa. "Wannan ta keji ce, ba ta ƙoshi. Tasa ta daji ce."

Ya karɓi allin ya miƙa hannu ya ja wani layin can sama, daidai inda ƙofar ta ƙare. Auta ta ɗaga kai tana kallo. A gefen ƙofar sandar tsohon tana jingine, takalmansa suna ƙasa inda ya cire su, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya.