Ranar da Allurar Mai Ta Ƙi Tashi

Shekara ashirin da uku Barmo yana tuƙa Fijo katsankat, motar ɗaukar kaya ta Alhaji Mailafiya, dillalin dabbobi na Belbeji, kuma ko igiyar ɗaure rago ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunsa ba. Sai ga shi rana tsaka, a bainar jama'a, an ce ya saci esansi, wato man fetur.

Motar tsohuwa ce tukuf, ta girmi ƴaƴan Alhaji kaf. Har daga Damagaram masu sha'awar tsofaffin motoci sun sha zuwa tayi, Alhaji ya hana. Amma fa Barmo ne ya riƙe ta da rai. Ya san tarinta, ya san inda take jin yashi, in ta yi wani ƙara yana gaya maka ciwon tun kafin a buɗe gabanta.

Ranar kasuwar Tarka ce. Alhaji ya sayo esansi bidon biyu, wato jarka biyu, ya kwance ɗan makullin kwaɗon tanki daga jikin carbinsa, don makullin nan wurinsa yake kwana, ya miƙa wa Barmo ya shige gida karyawa. Barmo ya shimfiɗa tsumma a bakin mazurari, ya ɗura bidon biyun tas, ya kulle, ya aika da makulli ciki. Da Alhaji ya fito ya hakimce a gaba aka tada mota, allurar mai ta ɗan motsa, ta tsaya can ƙasa inda take tun jiya.

"Barmo, ina esansina?" in ji Alhaji.

"Yana cikin tanki, Alhaji."

"Allura ba ta ƙarya. Ƴan kabu-kabu ka sayar wa kafin in fito, ko?"

Ba a hankali ya faɗa ba. Dillalai huɗu na zaune a bayan mota, masu shayi na ƙofar gida, kowa ya ji. Wani har ya sunkuyar da kai yana gyaran rawani.

Barmo ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Shi? Shi da ya taɓa kwana biyu a dajin Tenhya yana gadin motar nan da ta lalace, ga tumakin mutane ashirin a ciki, ko kofato bai yi ciwon kai ba? Yau shi ne ɓarawon bidon biyu? Kuma ya san garinsu. Kafin azahar maganar ta zaga tasha, kafin la'asar ta isa kunnen matarsa Sakina a bakin famfo. Direban da aka ce yana shan mai, ko amalanken jaki ba mai sake ba shi. Ba abin da ya tara a duniya sai sunan nan.

"Alhaji, ba inda za mu sai garajin Abdulgafar," ya ce. "Kuma waɗanda suka ji, kowa ya zauna inda yake, su je su gani."

Bai taɓa yi wa Alhaji musu ba sai ranar. Alhaji ya dubi fuskarsa, aka nufi garaji.

Abdulgafar makanike ne mai sanyin hali, ba ya gaggawa ko gari na ƙonewa. Ya saurari kowa, ya ce, "Ku yi haƙuri mu bi ta daki-daki." Ya duba fis, lafiya lau. Ya shige ƙarƙashin motar, ya zare wayar da ta fito daga tanki, ya ce wa Barmo ya murza makulli. Da ya goga bakin wayar a jikin ƙarfen mota, allura ta yi tsalle ta tafi har ƙarshe.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Allurata lafiyarta ƙalau."

"Allura lafiya, waya lafiya," Abdulgafar ya amsa daga ƙasa. "Ai ita abin da aka gaya mata take faɗi. Mai gaya matan yana cikin tanki, wani ɗan gwangwani ne a kan sandar ƙarfe da ke yawo a saman mai. Sai mun sauke."

"A sauke? Kasuwa fa na ci."

"A sauke," in ji Barmo.

Aka jawo bidon-bidon, Abdulgafar ya kwance kusar gindin tanki. Esansi ya zubo. Bidon na farko ya cika, na biyu ya cika, na uku ya kusa rabi. Masu kallo sun ƙaru, har da ƴan kabu-kabun da aka ambata, suna tsaye a kan baburansu suna dariya ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikin dillalan ya ce, "To, ga mai dai ya fito." Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce ai dama shi tambaya kawai ya yi.

Tambaya! Haka Barmo ya ce a ransa. Da a nan aka tsaya, wallahi da ya yafe, don sunansa ya fita, kuma shekara ashirin da uku ba kwana biyu ba ne.

Amma an riga an sauke tanki. Abdulgafar ya buɗe murfin sama, ya jawo sandar gwangwanin, ta ƙi fitowa. Ya leƙa, ya zura waya mai ƙugiya, ya zaro wani abu dogo. Karan gero ne, kusan kamu ɗaya, ya gitta ya danne sandar, shi ya hana ta tashi. Sabo ne, ko launi bai sake ba. A jikinsa an yi tsaga-tsaga da wuƙa, tazara daidai, irin yadda ake yi wa karan awo.

"Wani na auna mai da kara," in ji Abdulgafar. "Wuyan tankin nan a lanƙwashe yake, dole ya karye."

Ya kifa tankin ya girgiza. Gutsattsarin kara suka zubo a kan yashi, sun fi goma, kowane da tsagarsa. Wasu ja-ja, wasu sun yi baƙi ƙirin sun ruɓe. Ya ɗauki ɗaya ya murje shi da yatsa ya zama gari.

"Wannan kam ya fi shekara goma a ciki."

Duk idanu suka koma kan carbin da ke hannun Alhaji, ɗan makullin na reto a jikinsa.

"To, laifi ne mutum ya auna abinsa?" in ji Alhaji. "In ka tafi gida nakan ɗan duba. Kowa na yi."

"Me kuka taɓa samu, Alhaji?" in ji Barmo.

Alhaji ya hau jan carbinsa.

"Na ce, duk shekarun nan, kun taɓa samun ya ragu?"

"Ban taɓa ba."

Abin da ya fi yi wa Barmo ciwo ke nan. Ashe duk yammar da ya ajiye mota ya ce a kwana lafiya, yana juya baya ake zaro kara daga darni a bi sawunsa. Ba a taɓa kama shi da komai ba, kuma ba a daina ba.

Ya taimaka aka mai da tanki, don ba zai bar motar nan a kwance ba. Aka ɗura man, ya murza makulli, allura ta tashi ta tsaya cak a sama. Ya kashe, ya fito, ya je darnin garajin ya zaro kara mai kyau miƙaƙƙe. Ya haɗa shi da makullin motar, ya miƙa wa Alhaji hannu biyu, cikin ladabi.

"Ga wanda kuka yarda da shi, Alhaji. Shi ya kai ku Tarka."