Takardar Ban Haƙurin Inna

Manajanmu ko danƙon harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba, amma bakinsa kullum a fagen fama yake. Sabulu muke sayarwa fa. Duk da haka masu tsaron kanti su ne "front line", wai bakin daga. Abin da ake so mu sayar a wata kuwa "target" ne, sai ka ce harbe shi za mu yi. Ni da nake buga masa takardu, wannan Turancin ya kai mini iya wuya.

Ranar Talata tayar babur ɗina ta yi faci, ban shigo ofis ba sai sha ɗaya saura. Manaja yana hango ni ya ɗaga hannu sama.

"Ga shi nan! Missing in action ya dawo!"

Kowa ya kwashe da dariya, har waɗanda ba su ji abin da ya ce ba. Inna mai shara ce kaɗai ba ta yi ba. Tana goge taga, sai ta tsaya da tsumma a hannu tana kallona.

Da aka fita cin abinci ta zo ta tsaya a gefen teburina.

"Ɗan nan, me Yallaɓai ya kira ka ɗazu?"

"Wasa ne, Inna. In mutum ya ɓace daga wurin aiki, ba a san inda ya shiga ba, shi ake ce wa haka."

"Kuma ya dawo? Kamar kai?"

"Ga ni kuwa."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro wata takarda a ƙulle cikin leda, duk ta yi laushi don yawan naɗewa. Hatimin soja ne a sama, sunan autanta a ƙasa. Kalmomin nan uku da Manaja ya kira ni da su suna tsakiya. An kai wa sansaninsu hari, ba a same shi cikin masu rai ba, ba a gane shi cikin gawawwaki ba. Na duba kwanan wata, wata bakwai ke nan.

"Maƙwabcinmu ne ya karanta mini," ta ce. "Misin-in-akshin, haka ya ce, sai ya ce in yi ta addu'a, ya tashi ya bar ni. Wata bakwai abinci ba ya mini daɗi. Ashe gudun aiki ya yi, ja'iri! Tun yana ƙarami haka yake, ka aike shi ya tsaya kallon ƙwallo."

Dariya take yi, hawaye na zuba. Na naɗe takardar na miƙa mata, na bar ta a kan yadda ta fahimta. Ba zan ce tausayi ba ne, tsoro ne kawai. Na ji haushin Manaja kamar in shaƙe shi, na kuma san laifina ya fi nasa.

Can fuskarta ta canja.

"To kada su kore shi fa. Sojan nan ba su da wasa. Ka buga mini takarda in ba su haƙuri."

"Inna…"

"Ai ba za ta ɗauke ka lokaci ba. Kafin su dawo daga cin abinci ka gama."

Ta jawo kujerar baƙi, wadda ban taɓa ganin ta zauna a kai ba, ta zauna ta gyara mayafi. Tana faɗa ina bugawa.

"Ka ce ba halin gidanmu ba ne. Ka ce ubansa ya rasu, shi kaɗai ya rage mini. Ka ce in ya zo gida ni da kaina zan ja kunnensa in mayar musu da shi, su yi masa horon da suka ga dama, amma su bar masa kakinsa."

Na fitar da takardar. Na buɗe mata tawadar hatimi, ta dangwala babban yatsa ta danna a ƙasa, ta hura ta bushe.

"Kwana nawa amsa take yi?"

Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce ba komai, za ta jira.