Wankan Hajiya Ma'u

Shekara talatin Uwa ta yi tana wa matan Argungu wanka. Jaririyar da ta faɗo duniya, mai jego da ruwanta na tafasa da ganyen darbejiya, amarya ranar da za a kai ta ɗaki, duk hannun Uwa ne. Idan kuma kwana ya ƙare, ita ake turo wa yaro tun kafin a sanar da liman. An san ta da abu biyu: hannu mai sauƙi da baki mai nauyi. Abin da ta gani a jikin mamaciya, ko mijinta Atiku bai taɓa ji ba, kuma shi mutum ne mai son labari kamar me.

Duk wannan ya rushe a hantsi guda, ranar da tsohuwar su Hajiya Fatu da Hajiya Ma'u ta rasu.

Tsohuwar tana da 'yan kunne na zinari da ta sayo a Makka, masu ɗan dutse kore a tsakiya, ba wanda bai san su ba a unguwar. Uwa ta shiga ɗaki ta tarar da guda ɗaya tak a kunnen dama. Ta cire, ta gama aikinta, ta ɗora shi a faifai tare da zobe ta miƙa wa 'ya'yan mamaciya kamar yadda aka saba. Hajiya Fatu, wadda ita ce babba, ta tambayi ina ɗayan. Kafin Uwa ta buɗe baki sai ƙanwar, Ma'u, ta miƙe ta nuna ta da yatsa, ta rantse da idonta ta ga biyu lokacin da aka rufe wa tsohuwa ido.

A gaban mata sun fi arba'in aka caje Uwa. Aka tuɓe mata ɗankwali, aka tsefe mata kitso, aka kwance mata zani har sai da ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ba a ga komai ba. Ma'u ta ce to ai haɗiyewa ta yi. Ita kuwa Fatu ta wanke ta da mari, ta kuma kafa doka a wurin: daga yau duk abin da aka ciro daga jikin mamaci, a gaban jama'a za a buɗe shi.

Daga ranar ba a sake kiran Uwa ba, ko wankan jego. Ta koma wankau a bakin gulbi, tana dirzar kayan 'yan makaranta da na masunta masu ƙarnin kifi, har fatar hannunta ta tsattsage. Atiku ya daina zama a majalisa, ya rasu bayan shekara uku bai daina sunkuyar da kai ba. Amma ba wannan ne ya fi ci mata rai ba. Autarta Rukayya ta rasu wajen haihuwa a gidan miji. Uwa ta je da kafur da ganyen magarya a ƙulle a gefen zani, za ta yi wa 'yarta abin da ta yi wa ɗaruruwan 'ya'yan wasu. Uwar mijin ta tare ta a bakin ƙofa ta ce ta ɗan dakata. Uwa tana tsaye tana kallo matar ta shiga, ta durƙusa, ta zare 'yan kunnen Rukayya, na roba ma masu ruwan gwal, ta ƙulle a haɓar zaninta. Sannan ta ce, "To, shigo."

Uwa ta yi wa 'yarta wanka ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Tun daga ranar kuma, duk sallar da ta idar sai ta ambaci sunan Ma'u, kuma ba addu'ar alheri take yi ba.

Shekara tara da faruwar abin, sai ga wani magidanci da mota har bakin gulbi. Ya ce shi ne Zulkifli ɗan Hajiya Ma'u, daga Gwadangaji. Hajiya ta faɗi a banɗaki wata biyu da suka wuce, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ta matsa lallai a kawo mata Uwa.

Uwa ta matse wandon da ke hannunta, ta shanya, ta ɗauki wani. Sai da ta bar shi a tsaye cikin rana har ta gama kwandon, sannan ta ɗauraye ƙafa ta shiga motar. So take ta ga Ma'u a kwance, kuma ba ta ji kunyar wannan son ba.

Gidan mai bene ne, ko'ina tayil. Ma'u kuwa, wadda da idan ta zauna kujera sai ta yi ƙara, ta koma 'yar mitsitsiya a tsakiyar gado, baki ya karkace, yawu na bin haɓa. Ta kori kowa da hannunta mai rai, ta ce a ja ƙofa.

"Uwa, matso. Ni niɗ ɗauke shi," ta ce, maganar tana fita da ƙyar. "Inna na cikawa nic cire guda, ina kai hannu ga na biyu sai Yaya Hwatu tash shigo. Da anka tambaya, tsoro yak kama ni. Ke nig gani kusa."

Uwa ta matso bakin gadon. Ta daɗe da sani a ranta, amma jin sa daga wannan bakin sai da ya sa kunnuwanta suka yi zafi.

Ma'u ta ja hannu ta yaye gefen zaninta. A ƙugunta akwai igiya da ta yi baƙi don tsufa, da wata 'yar laya ta fata. Ta ce yana ciki. Ta kasa sayarwa don kowane maƙerin zinari zai tambayi ɗan'uwansa, ta kasa ajiyewa a akwati don surukai, ta kasa jefarwa don na mahaifiyarta ne. Masu jinyarta sun ɗauka layar tsari ce.

"Yanke shi ki tahi da shi. Ki jehwa gulbi. Ki gahwarta mani, Uwa, don Allah."

"In hita gidanga da shi ga jikina?" Uwa ta yi 'yar dariya. "Ashe har yanzu ba ki gama da ni ba, Hajiya. Gaban mata arba'in kinka kwance mani zane. Ki kira Hwatu, ki kira matanga na waje, ki hwaɗi abin da kinka hwaɗa mani. Sannan mu yi zancen gahwara."

Ma'u ta fashe da kuka. Ta ce 'ya'yanta fa, jikokinta fa, ɗiyar Zulkifli an sa mata rana. Yaya za su ɗaga kai a gari?

"Ni ba ni da ɗiya, ko?" in ji Uwa.

Ma'u ta rufe ido kamar ba ta ji ba. Can ta ce ta riga ta bar wasiyya: idan ta cika, Uwa kaɗai za ta yi mata wanka. "Na san ki. Abin da kinka gani ga gawa, ba ki hwaɗi. Ki cire shi, ki ɓatar. Ba wanda za shi sani."

Wato dai bakin nan mai nauyi da Ma'u ta yi amfani da shi ta binne ta, shi take so ta sake ara ta rufa wa kanta asiri. Uwa ta gyara mayafi, ta fita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ma'u kuwa ta sauke ajiyar zuciya, don ta ɗauki shirun a matsayin alkawari.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ranar wata Laraba da safe, Zulkifli ya dawo. Uwa ba ta bar shi ya jira ba wannan karon.

Tsakar gidan cike yake da mata, na Gwadangaji da na Argungu da suka cika motoci biyu. Da yawa cikinsu suna wurin shekara tara da suka wuce, sun ƙara tsufa kawai. Hajiya Fatu tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ido ya kumbura. A wuyanta ga siririyar sarƙa, ɗan kunnen tsohuwa na rataye a jiki. Tun da aka raba gado take sanye da shi, tana nuna wa duk wanda ya tambaya, tana cewa ɗan'uwansa yana cikin ɓarauniya.

Da ta ga Uwa sai ta kau da kai. "Wasiyya ta. Ba don haka ba, ko ƙohwar gida ba ki taka ba. Shiga ki yi ki hito."

Uwa ta ajiye ƙullinta a tsakiyar tsakar gida. Ta cire mayafi ta ninke. Ta cire ɗankwali, furfurarta ta bayyana. Ta fara kwance zani.

"Subhanallahi! Mi ke nan?" in ji wata tsohuwa.

"Ku caje ni," in ji Uwa. "Waccan rana bayan na hito kunka caje. Yau tun kahin in shiga za ku yi. Hajiya Hwatu, taso, hannunki ya saba."

Aka yi ta ba ta haƙuri, ana cewa maza na jira a waje, rana na yi. Ta ce ko za a kai la'asar ba ta taɓa gawar sai an caje ta. Dole Fatu ta tashi, tana huci, ta lalube ta daga kai har tafin ƙafa, ta zazzage ƙullin: kafur, magarya, sabulu, tsumma, sabuwar reza a takardarta. Uwa ta ce kuma Fatu ce za ta zuba mata ruwa, matar Zulkifli ta tsaya shaida.

A cikin ɗaki Uwa ta yi bisimilla ta naɗe tsumma a hannu. Shekara tara rabonta da aikin in ban da na Rukayya, amma hannun bai manta ba. Ta yi wa Ma'u tsarki a ƙarƙashin mayafi, ta yi mata alwala, ta fara da dama. Ta bi bayan kunne, ta bi tsakanin yatsu, ta juya ta a hankali kamar mai gudun kada ta farka. Jikin ba nauyi, duk ƙashi. Da ta zo tsefe kitson sai ta tarar da furfura ta cinye kan, kuma bakin da ya karkace ya koma daidai, Ma'u ta yi kama da yarinyar da Uwa ta taɓa yi wa wankan amarci. Igiyar tana nan ƙarƙashin mayafi, Fatu na kallon buta, in ta so, yanka ɗaya kawai za ta yi ta tura layar cikin tsumma, shi ke nan.

Sai ta kai hannu ta wanke kunnen Ma'u na hagu, yatsanta ya taɓa hujin da ba komai a ciki. Kunnen Rukayya ya faɗo mata a rai, da yadda matar nan ta ce to, shigo.

"Hajiya Hwatu, akwai igiya ga ƙugu. Ƙullin ya ci, ba shi kwantuwa. Ga reza, ke za ki yanke."

Fatu ta yanke, ta jawo layar ta jefa a faifai kusa da zoben Ma'u. Uwa ta ƙarasa da ruwan kafur, ta yi kitso uku, suka sa likkafani, ta ɗaure shi tsaf. Ko mai neman aibi ba zai samu abin faɗa a wannan wankan ba.

Ita ta ɗauko faifan ta fito da shi, ta ajiye a tsakiyar mata.

"Laya ta," in ji Fatu. "A ba Malam shi san yadda za shi yi da ita."

"A'a, Hajiya. Abin da duk anka ciro ga jikin mamaci, gaban jama'a aka buɗe shi. Ba ni nik kahwa dokar ba." Ta miƙa mata rezar.

Matan Argungu suka ce gaskiya ne, haka ake yi yanzu. Fatu ta yi tsaki ta karɓa, ta farke ɗinkin fatar. Babu takarda a ciki, sai auduga da ta yi baƙi da gumi. Ta ɓare audugar, abin ya faɗo kan faifai ya yi ɗan tsalle, koren dutsen yana sama.

Idanu suka tashi daga faifai zuwa wuyan Fatu, suka koma faifai. Fatu ta kai hannu ta damƙe sarƙarta, ta zauna daɓas a kan tayil. Matar Zulkifli ta toshe baki ta shige ɗaki. Daga can baya wata ta fara salati, wata kuma tuni ta zaro waya daga jaka tana ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi.

"Uwa," Fatu ta ce, "kin san da wanga? Ta gaya maki?"

"Ni ba ni hwaɗin abin mamaci, Hajiya. Kowa ya san ni da haka."

Tsohuwar nan da ta yi subhanallahi ta rarrafo ta kama mata ƙafa. Ta ce don girman Allah ta yafe wa baiwar Allah, ga ta can kwance za a ɗauke ta, ba ta da sauran baki.

"Tana da shi kwana goma sha ɗaya da sunka wuce," in ji Uwa. "Wanka anka kira ni, na kuwa yi shi, ban rage ko wuri guda ba. Ku ba ni ruwa in wanke hannuna."

Aka kawo buta da gudu, mata uku na rige-rigen zuba mata. Ta wanke har gwiwar hannu, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki ƙullinta. Ta ƙi abinci, ta ƙi motar Zulkifli. Tana fita ana shigo da makara, ta raɓe ta ba maza hanya, ta tari keke zuwa tasha.

Azahar ta yi mata a Argungu. Ba ta nufi gida ba. Ta bi ta bayan kasuwar kifi har gidan da Rukayya ta yi aure, ta yi sallama, ta tarar da uwar mijin tana tsince shinkafa a inuwa, wayarta a gefen tabarma. Matar ta amsa a daƙile, ta tambayi ko lafiya.

"Lahiya lau," in ji Uwa. "Hutawa niz zo yi."

Ta cire takalma ta zauna daf da ita, ta miƙe ƙafa, ta zuba wa wayar ido tana jira ta yi ƙara da labarin Gwadangaji.