Baƙin Ruwa a Ɗakin Kwamfuta

Tchima na tsaye a bayan kujera, yatsunta cikin gashin wata Ba'amurkiya, sai Kouloussoum mai shagon kitson ta ƙara muryar talabijin.

"Ke Tchima, wannan ba lakwal ɗin 'yarki Oumaima ba ce?"

Ita ce kuwa. Daga sama ake nuno makarantar. Ga motocin kashe gobara sun tare ƙofa, ga yara an kwaso su an zube a filin ƙwallo, ga wasu mutane cikin fararen kaya ruf har fuska suna shiga suna fita. Mai karanta labarai na cewa an ga wani baƙin abu da ba a san ko mene ne ba a kan wata kwamfuta a ɗakin jarrabawa. Malamar da ta taɓa shi ta ce hannunta na ƙaiƙayi, an wuce da ita asibiti. Ana tsare da ɗaliba ɗaya.

Tchima ta saki gashin da ke hannunta. Duk garin Greensboro babu wanda ya kai ta sanin mene ne baƙin abin nan.

Tun Oumaima na ajin farko, ba ta taɓa shiga jarrabawa da fensirin da bai kwana a wurin Malam Soumaïla ba. Tchima za ta ɗaure fensiran da roba ta kai masa, ya yi tofi, ta karɓo. Haka uwarta ta yi mata da alƙalamin bik a Maradi, haka ita ma take yi. Yarinya kuma kullum tana gaba a aji, to wa zai ce mata ta daina? Sai bana makaranta ta fito da sabon salo: wai babu takarda, babu fensir, kowa zai zauna gaban kwamfuta, don a rage sare itatuwa. Jama'a, ƙasar da ake cusa wa mutum tallan takarda a akwatin wasiƙa har ya rasa inda zai zubar, ita ce yau take tausayin itace! Malam ya ce abin mai sauƙi ne, ya yi rubutu ya wanke mata a gora, ya ce yarinya ta sha. Oumaima ta sha rabi tana yatsina fuska, ta ce da Turanci, "Mama, shi ke nan ko? Don Allah kar ki ƙara komai."

Amma zuciyar Tchima ba ta kwanta ba. Ai abin da hannu zai yi rubutu da shi ake yi wa tofi. Jiya da la'asar makaranta ta gayyaci iyaye su ga sabon ɗakin, aka nuna wa kowa kujerar ɗansa da sunansa a manne. Da aka juya za a fita, Tchima ta yi kamar tana gyara takalmi. Ta jiƙa auduga da sauran rubutun, ta bi maɓallan kwamfutar Oumaima ɗaya bayan ɗaya tana bisimilla. Ta fito ranta fari tas. Ba ta tuna cewa maɓallan farare ne ba, kuma tawadar malam ta gawayi da ƙaro ce, in ta bushe sai ta yi baƙi ta yi danƙo.

"Ni ce," ta ce wa Kouloussoum a hankali. "Rubutun Malam ne."

"Innalillahi! Tchima, garin neman gira!"

Kouloussoum ce ta ja motar. Suna tafe tana faɗa, ba ta ko haɗiye yawu.

"Ki saurare ni da kyau. In mun isa, ba ki san kowa ba, kowa bai san ki ba. Ni ke da papiye, takardun zamana cikakku ne, ni zan je in ce ni ce antinta. Kin manta Laouali? Fitilar baya kawai ta mutu, ina yake yau?"

Ta yaya za ta manta? Laouali mijinta ya fita sayo madara, ɗan sanda ya tsayar da shi a kan fitilar mota, aka nemi takardun zama, babu. Bai sake taka gidan ba. Yanzu yana Yamai, sai dai murya ta katin waya. Ita ma bizarta ta mutu tun Oumaima na goye. Tun daga ranar, ko motar 'yan sanda ta hango a madubi sai ta ji fitsari. Oumaima ce kaɗai haifaffiyar nan, ita ce kaɗai ba mai iya korarta.

An ja ƙyalle mai ruwan ɗorawa an zagaye makarantar. Iyaye sun yi cincirindo, kowa waya a kunne. Wani ƙaton mutum da hular ƙwallo yana ta cewa shi dama ya san za a yi haka, tunda aka bar irin waɗannan mutanen suka cika gari. Da ya ga mayafin Tchima sai ya yi shiru, ya bi ta da ido. Na kusa da shi ma suka juyo. Ba wanda ya ce mata kanzil, amma sai ta ga an buɗe mata fili, kowa ya ja ɗansa gefe.

Kouloussoum ta je wurin wata 'yar sanda, ta jima, ta dawo fuskarta ba kyau.

"Da Oumaima ta zauna da safe ta ga abin, ta gane. Sai ta kama gogewa da bakin hijabinta kafin kowa ya lura. A nan malamar ta gan ta, ta ɗauka shafawa take yi."

"To ba ta gaya masu ba?"

"Ta gaya masu." Kouloussoum ta kawar da kai. "Ta ce ita ta zuba. Ita kaɗai, babu wanda ya sa ta. Sun tambaye ta mene ne, a ina ta samo, ta ƙi magana."

Tchima ta dafa motar da ke kusa da ita.

"Za su kore ta daga lakwal, wannan kam babu makawa," in ji Kouloussoum, ta rage murya. "Wataƙila har kotun yara. Amma ƙasarta ce, Tchima. In sun auna abin suka ga ba guba ba ne, wata rana zai wuce. Ke kuwa in kika buɗe baki, sunanki za su fara tambaya, sai katin zamanki. Yarinyar nan ta san abin da take yi. Zo mu tafi."

A lokacin ne aka matsar da wata motar asibiti, Tchima ta hango 'yarta. Tana zaune a kan dakalin siminti, an sa mata hannuwa cikin leda an ɗaure a wuyan hannu. Wani mai fararen kaya na riƙe da wata ledar, hijabinta ne a ciki. Kan Oumaima a buɗe yake, a gaban maza, a gaban kyamarar talabijin. Ga kitson da Tchima ta yi mata shekaranjiya, yarinya na zaune a ƙasa tana haddar lissafi. Yarinyar da ko mai kawo wasiƙa ba ta buɗe wa ƙofa sai ta rufe kai.

Oumaima ta ɗago, idonta ya faɗa cikin na uwarta. Ba ta yi kuka ba. Girgiza kai ta yi a hankali, ta nuna hanyar fita da haɓa.

Wallahi da kuka ta yi, da ya fi wa Tchima sauƙi. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ita ta haifa, ita ta yi ɓarnar, kuma 'yar ce ke zaune kai a buɗe tana kare ta.

Ta zaro makullin gida ta danƙa wa Kouloussoum.

"Oumaima ta kwana wurinki. Ba ta cin yaji da yawa. In Laouali ya kira, ki gaya masa gaskiya."

"Tchima, don girman Allah..."

Ta warware mayafinta, ya rage sai ɗankwali. Ta laluba jaka ta fito da gorar, da ɗan sauran baƙin ruwa a gindinta. Ta ɗaga hannuwa biyu sama, gora a dama, mayafi a hagu, ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin ƙyallen.

Wuri ya kaure. 'Yan sanda na daka mata tsawa ta tsaya, ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ga hannayensu sun tafi ƙugu. Ta ji muryar Oumaima ta tsaga hayaniyar, "Mama, a'a!"

Ta tsaya cak. Da ɗan Turancinta na shagon kitso ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni ce uwarta. Ni na sa. Addu'a ce." Ta buɗe murfin da haƙori, ta yi bisimilla, ta kafa kai ta shanye. Ɗanɗanon gawayi da ƙaro ya cika mata baki, irin na safiyar jarrabawa a Maradi. Ta kifa gorar don su ga babu saura, ta sake ta a ƙasa.

Aka yi tsit, ana jira a ga ko za ta faɗi. Ba ta faɗi ba.

'Yar sandan nan ce ta fara matsowa, a hankali, hannu ɗaya a gaba. Ta tambayi sunanta, Tchima ta faɗa. Sai ta ce ta nuna katin shaida.

Tchima ta miƙa mata mayafin.

"A fara kai mata wannan," ta ce.