Fuskar Inna a Katako

Wata biyu na yi ina sassaƙa fuskar mahaifiyata a jikin katako. A zanen tana tsaye a masana'antar kifin gwangwani ta birnin Asfi, wuƙa a hannu, mata a bayanta, jiragen masunta a can nesa. Shekara talatin ta yi a wurin. Na ce mata, "Inna, in na buga shi a takarda zan kawo miki naki ki rataye."

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar masu zane ta unguwarmu, injin bugawa ɗaya gare mu. Ni ne sabo. Duk shekara kowa kan buga zanensa sau goma sha ɗaya: goma ga 'yan'uwa, ɗaya ga akwatin ƙungiya. Ranar Asabar na buga nawa, takarda ta ƙare. Na jingina katakon a bango na tafi, da niyyar in dawo Litinin in buga na Inna.

Litinin na tarar an tsaga shi. Layi biyu, a gicciye, daga goshinta har haɓa.

Si Lahbib, shugabanmu, yana zuba shayi. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Zauna ka sha shayi, ɗana."

"Ba na sha."

"Haka ake yi. An gama bugu, a kashe katako, kada wani ya ƙara ko ɗaya. Tun ba a haife ka ba muke kan wannan."

"Wa ya gaya min?"

"Kai ka tambaya?"

Gizlan, mai zanen tsuntsaye, ta ce, "Haba, Si Lahbib, ko a gefe ai sai ka tsaga. Sufyan, ɗauki wanda ka buga min."

"Babu mai raba nasa," in ji shi. "Ƙungiya ce nan, ba kasuwa ba."

Na shafa wa katakon tawada haka nan, na ɗora takarda, na murza injin. Fuskar ta fito da farin tabo biyu. Na kai gida.

Inna ta daɗe tana kallo.

"Wannan hannun nawa ne kam. Wa ya yanka ni?"

Na gaya mata. Ta zura jallabiyarta, ta ce in wuce gaba.

Da muka isa ɗakin ƙungiya, ba ta yi sallama ba. Ta shimfiɗa takardar kusa da butar shayi.

"Kai ne Lahbib? Shekara talatin wuƙa na hannuna, ban taɓa kai ta fuskar mutum ba."

"Ranki ya daɗe, Lalla, katako ne fa. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar gidanku. Ina mai kyan?"

Gizlan ta nuna akwatin da leɓe. Inna ta buɗe, ta yi ta ɗaga takardun mutane da yatsu biyu har ta ga kanta. Ta zare, ta naɗe, ta sa a hammata. Mai tabon ta jefa ciki.

Si Lahbib ya miƙe. "Sufyan, in takardar nan ta fita daga ɗakin nan, ba ka ƙara taɓa injin nan."

Babu wani injin a duk unguwar. Na san haka. Na dube shi, na dubi injin.

Na buɗe mata ƙofa.

A hanya ta ce, "Hancin ya yi girma. Ni haka nake?"