Zuma a Silin Alhaji Mannir

Ranar da Bature ya tafi kasuwar Danja, ranar aka sare ɗorawun bayan garin Ƙarfi. Ya dawo da la'asar ya tarar da kututture guda tara da hayaƙi. Amyoyin zumarsa, waɗanda ya gada wurin mahaifinsa, suna rataye a ɗorawun, an zuba musu fetur an cinna wuta, wai masu injin yankan itace ba za su yi aiki ana harbinsu ba.

Alhaji Mannir, wanda ya sayi filin yana yanka fulotai, yana zaune cikin mota yana cin gyaɗa.

"Alhaji, ko aike aka yi mini ai da na sauke su."

"Malam Bature, ƙasa na saya, ban sayi ƙwari ba. In zuma kake so, tana nan cikin kwalba a Funtua."

Leburori suka kwashe da dariya. Dariyar nan ta zauna wa Bature a ƙirji kamar garwashi.

Kafin damina ta faɗi wurin ya koma bulo da yashi. Fakara ta daina kuka da safe. Zomaye suka ɓace. Damo ɗaya ya shigo gari tsakar rana, aka bi shi da sanduna. Cikin zumar Bature kuwa taro ɗaya tak ya tsira, ya dunƙule a reshen tsamiyar maƙabarta, ba rufi ba ma'ajiya. Ruwan farko in ya same su haka, sun gama.

"Malam, ka saƙa musu amya ka kai Matazu wurin yayana," in ji matarsa Hansai. "Can da sauran itatuwa."

"Su aka tarar a nan. Ba inda za su."

"To ina za ka sa su? A kanka?"

"Na samar musu gida mai bene."

Washegari ya je ya nemi leburanci a gidan da Alhaji yake gina wa kansa a tsakiyar filin. Alhaji har da tafa hannu: "Ka ga yanzu ka samu sana'ar mutane!" Sati uku Bature yana ɗaukar bulo yana cewa ranka ya daɗe. Ranar da kafinta zai rufe silin, ya hau sama da sunan miƙa katako. A aljihunsa akwai abin da ake turara sabuwar amya da shi: kakin zuma, busasshen kashin shanu da ɗaɗɗoya. Ya goge katakan saman falo da su lungu-lungu, ya bar wata 'yar kafa ƙarƙashin kwano ta gabas.

Bayan kwana huɗu zuma ta bar tsamiya. Bature ya ga shigarta silin da idonsa, ya koma gida ya ci tuwo malmala uku.

Bayan wata biyu aka yi walimar tarewa. Mata suka kafa tukwane daidai bangon gabas, hayaƙi ya miƙe cikin kafar nan. Ana tsakiyar addu'a silin ya fara ruri, zuma ta ɓarko. Liman ne ya fara tashi, bai ko shafa ba. Manyan baƙi suka yi ta tsallake katanga, takalma a warwatse. Alhaji Mannir ya fito da babbar riga a ka yana ihu, leɓe ya kumbura ya kai haɓa.

"Bature! Malam Bature! Zo ka kwashe su!"

Bature yana tsaye nesa, hannu a baya.

"Ranka ya daɗe, ni lebura ne. Ban san harkar ƙwari ba."

Ya yi dariya har da hawaye. A lissafinsa, Alhaji zai kwana biyu yana aiko da dattawa suna roƙo, sannan ya zo ya kwashe su a mutunce, don duk yankin ba wanda ya iya sai shi. Tunda yake bai taɓa ganin wanda ya kashe zumar da ta shigo gidansa da kanta ba. Ana cewa arziki ce.

Alhaji bai aiko kowa ba. Washegari da hantsi mota ta zo daga Malumfashi da mutum biyu da tankunan feshin auduga a baya. Hansai ce ta zo ta gaya masa. Ya sheƙa a guje ba hula, yana kiran su tsaya, zai kwashe kyauta. Kafin ya isa sun sauko daga tsani suna wanke hannu.

Ya tsuguna gindin bangon gabas. Ƙudajen zuma suna ta zubowa daga kafar ɗaya bayan ɗaya, wasu na motsa ƙafa. Ya tara hannu biyu, suka cika, suka ci gaba da zuba.